Amsar da Inna Ta Samo a Rogo

A shekarar da fim ɗin ya fito, sana'ata turi ce. Ina da rumfa a bakin kasuwar Karaye, da wata tsohuwar kwamfuta, da ƙaramin janareta wanda sai an lallashe shi yake tashi. Mutum ya miƙo wayarsa ko katinsa, in zuba masa finafinai ko wa'azi ko karatu, ya kama gabansa. A gefe kuma ina yin cajin waya. Ranar kasuwa ko ruwa ba na samun sukunin sha.

Fim ne na ɓarayin babura, sunansa Tambaye Shi, kuma ban taɓa tura abin da ya jawo mini zagi irinsa ba. Mutum zai karɓa yau, gobe ya dawo yana huci, wai rabi na tura masa. In ce wallahi ƙarshensa ke nan. Ya ce ƙarya nake yi, ai ba a kama bos ba. In ce to ni na shirya shi? Ga motar Kano can tana lodi, je ka nemo masu shi ka shaƙe su. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba, ranar kasuwa kuwa abin ya fi muni.

Daga bakin masu ƙorafi na haddace labarin. Wani mutum ne yake hawa acaɓa a matsayin fasinja, in an yi nisa da gari ya kashe mai babur ya tafi da babur ɗin. Ɗan sandan da ya kusa gano shi aka yi masa canjin wurin aiki. Mutumin ya yi arziki, ya gina masallaci a unguwarsu, ya tsufa, ya mutu a kan gadonsa 'ya'yansa suna yi masa fifita. Aka yi jana'iza, sahu har bakin titi. Aka rufe shi, jama'a suka juya, allo ya yi baƙi, sunan fim ya fito. Shi ke nan. Kuma tun daga farko har ƙarshe babu wanda ya furta wannan suna. Samari suka yi ta musu a rumfata: a tambayi wa, kuma wa zai yi tambayar?

Ni ban kalla ba. Na tura wa mutanen da ban san adadinsu ba, amma ban yarda na buɗe shi ba, kuma duk wanda ya san gidanmu ya san dalili.

Mu biyu Inna ta haifa da suka rayu, ni da Yaya. Babanmu ya rasu muna ƙanana. Inna 'yar wani ƙauye ce a bayan Rogo, aure ya kawo ta Karaye, kuma ban taɓa ganin mai riƙe gidajen mutane a ka kamarta ba. Ka ambaci mutum, ta gaya maka uwarsa, da inda aka auro uwar, da wanda ya yi mata walicci. Gaisuwa a wurinta ba wasa ba ce. In ta aike mu muka dawo muka ce mun haɗu da wani mutum a hanya, sai ta ajiye abin da ke hannunta.

"Wane mutum? Ɗan gidan wa?"

In ka ce ba ka sani ba, kunnenka ya shiga uku.

"Ka jera da mutum tun daga kasuwa ba ka san gidansu ba? Da jaki ka jero?"

Ni ban ɗauko wannan hali ba, ja mini kunne kawai aka yi ta yi a banza. Yaya kuwa ya ɗauke shi kaf, har ya ƙara da nasa. Da ya fara acaɓa sai abin ya zama abin tsokana a tasha. Ana cewa in ka hau bayansa daga Karaye, kafin ku kai ƙauyen Yola da ke nan kusa ya san sunan kakarka. Zai tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi mara lafiyar da kai kanka ka manta da shi. Mata su shigo gidanmu suna cewa, "Ɗanki ya kawo ni jiya, har ƙafar maigidana ya tambaya." Inna ta yi kamar ba ta ji ba, tana tankaɗe tana murmushi. Abu ɗaya take maimaita masa kullum in zai fita: in aka tare ka aka ce babur, ka sauka ka ba da. Shi kuma ya ce, "Inna, ai ko ba ki faɗa ba."

Da kaka ne, dawa ta yi kai. Ranar kasuwa da la'asar ya ɗauki wani fasinja zuwa wajen Rogo. Abokan aikinsa sun ce mutumin ya naɗe fuska da rawani, ba su kula ba, don masu zuwa daga nesa suna yin haka saboda iskar babur. Washegari da hantsi wasu makiyaya suka ga Yaya a cikin dawa, taku kaɗan daga hanya. A ƙeya aka buge shi da ƙarfe. Ina wurin aka yi masa wanka, ni na riƙa zuba ruwa. Na duba hannuwansa, na duba gwiwoyinsa, babu ko ƙwarzane. Rigarsa ko maɓalli bai tsinke ba. Bai yi kokawa da kowa ba.

Wannan shi ne abin da ya tsaya wa Inna a wuya. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi birgima ba. Masu ta'aziyya suna cewa a yi haƙuri, tana amsawa yadda ya kamata, har tana tambayarsu mutanen gida. Sai an watse take cewa, "Na san ya ba da. To me ya yi masa?" Da farko ni take tambaya. Da ta ga ba ni da amsa sai ta koma tambayar turmi, da buta, da bangon ɗaki. 'Yan sanda sun zo sun yi rubuce-rubucensu, ba a kama kowa ba. Shekaru suka wuce, Inna ta rame, idonta ya faɗa, tambayar tana nan yadda take.

Ana cikin rigimar fim ɗin nan, wata ranar kasuwa, sai ga malamin da Yaya ya yi karatu a wurinsa a Yammedi. Dattijo ne mai tsangaya, duk sati yakan kawo wayarsa caji, in zuba masa karatu. Ya zauna a benci yana jira, samari suna ta cacar baki a kansa. Wani marar kunya ya ce, "Allah gafarta malam, kai da ba ka kallon fim, raba mana gardama." Na harare shi, na ce ya yi wa mutane shiru. Malam ya ce a bar shi, a ba shi labarin. Suka ba shi, wannan ya katse wancan. Da suka kai ga sunan sai ya gyara zama.

"Wanda ya sa wannan suna ya zauna a gaban malamai," in ji shi.

Ya ce ya zo a karatu cewa ranar tsayuwa jini ne farkon abin da za a yi shari'arsa tsakanin mutane. Wanda aka kashe zai taho riƙe da wanda ya kashe shi, jininsa yana zuba kamar yanzu aka yi, ya ja shi har gaban Ubangiji, ya roƙa a tambaye shi a kan me ya kashe shi. Ya ce fim ɗinku bai yanke ba, mai shi ya raka mutumin ne har inda na'urarsa za ta iya zuwa, ya tsaya, ya rubuta muku abin da ke gaba.

Wani ya ce, to masallacin da ya gina fa? Malam ya ce Allah ne ya san abin da zai karɓa, amma ba masallacin za a tambaya ba. Ya ce kisa haƙƙi uku ne a wuyan mai yin sa. Akwai na Allah, wannan tuba ta gaskiya tana iya ɗauke shi. Akwai na dangi, su suke da ikon su nemi hukunci ko su yafe. Akwai kuma na mamacin kansa, wanda babu mai yafe shi a madadinsa, ko uwar da ta haife shi. Yana faɗar haka ya ɗago ya dube ni, sai ya tuna ko ni wane ne. Ya karɓi wayarsa ko rabi ba ta cika ba, ya ce Allah ya ji ƙan Yaya, ya tafi.

Ranar na rufe rumfa da wuri, na zauna a ciki na kalli fim ɗin ni kaɗai. Wurin kisan ban iya kallo ba, na tura shi gaba. Amma da allon ya yi baƙi sunan ya fito, na ji wani sanyi a raina wanda rabona da shi tun rasuwar Yaya. Na ce lalle yau na samo wa Inna magani. Na same ta tana tsince wake a tsakar gida, na zauna na zayyana mata komai, fim ɗin da bayanin malam. Ta saurara har na gama.

"To, shi zai ji amsa," in ji ta. "Ni fa?"

Na ce ai kowa yana wurin ranar, Inna.

"Ranar kowa ta kansa yake yi. Wa zai kira ni in zo in ji? Ni a nan nake so in ji, da kunnen nan nawa."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Na tashi da haushi, na ce a raina ni da na ƙara kawo wa tsohuwar nan magana.

Da bazara ta kama, wata rana bayan azahar, wani dattijo ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Tun daga nesa ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya ƙi hawa, ya zauna a ƙasa. Ya ce wurin mahaifiyata ya zo. Inna ta fito ta tsaya a bakin ƙofar ciki, suka gaisa, kuma kafin ya gama amsa gajiya ta gane shi. Mutumin ƙauyensu ne, daga gidan masu rini. Ta tambayi wannan, ta tambayi wancan, yana cewa ya rasu, ta rasu, yana nan. Sai ya sunkuyar da kai ya ce ɗan ƙanensa yana kwance, ciki ya kumbura, asibiti sun sallamo shi. Ya ce yaron ya kira shi ya gaya masa wani abu da ya aikata shekarun baya a hanyar Karaye, kuma ya roƙe shi ya zo ya nemo masa yafiya tun yana da sauran numfashi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce yafiyar uwar wa? Na ce yanzu zan kira 'yan sanda, a ɗauko shi da cikin nasa a kan katifa. Na faɗi maganganun da ba a faɗa wa mai furfura, shi kuwa bai ɗago ba.

"Zauna," in ji Inna.

Na zauna. Ta dubi dattijon.

"Yana magana?"

"Yana yi, kaɗan-kaɗan."

"Hankalinsa ɗaya?"

"Ɗaya."

"Gobe ina zuwa."

Bayan ya tafi na ce wallahi babu inda zan kai ta. Ta ce ba komai, za ta je tasha ta hau acaɓa. Ta san abin da ta faɗa. Da safe na aro babur ɗin maƙwabcinmu.

Rana ta yi zafi tun da wuri. Inna tana bayana, ta riƙe ƙarfen baya. Muka wuce wurin da aka tsinci Yaya. Gonar fayau take, sai kututturen kara, na ƙara wuta don kada ta gane, amma na ji ta tana salati a hankali. Da muka shiga ƙauyen nasu kuwa sai ta sa na tsaya a bakin rijiya ta sauka. Duk wanda ta gani sai ta gaishe shi, ta tambayi gidansu, ta ce a gaida wance. Ni ina tura babur a bayanta ina cizon haƙori. Mun zo ganin wanda ya kashe mata ɗa, tana tambayar mutane ya aka ji da zafi.

Ɗakin duhu ne, yana warin magani da fitsari. Mutumin yana kwance a kan tabarma an tokare shi da matashi. Sa'an Yaya ne ko ya girme shi kaɗan. Idanunsa sun yi ɗorawa, hannuwansa sun tsotse, cikin ya yi tsini a ƙarƙashin zane. Na sha zana fuskarsa a raina tsawon shekaru, ban taɓa zana ta haka ba, kuma ganinsa a haka bai rage mini komai ba. Yana ganin Inna ya fara kuka, yana cewa ta yafe masa don Allah, don Annabi. Ta zauna a gefen tabarmar, ta gyara mayafinta.

"Sannu. Ya jikin?"

Ya ci gaba da kuka. Ta jira har kukan ya lafa.

"Na san uwarka," in ji ta. "Tare muka yi tallan fura. Ba dogon zance ya kawo ni ba, tambaya ce da ni, ka gaya mini gaskiya. Ya hana ka babur ɗin?"

"A'a, Inna. Ina nuna masa ƙarfen ya tsaya ya sauka. Ya miƙo mini makulli da hannu biyu."

Jin ya kira ta Inna ya sa na ji kamar in taka masa cikin. Baffansa, dattijon jiya, yana tsugune a bakin ƙofa, ya riƙe mini ƙafar wando.

"Ya zage ka?"

"A'a."

"Ya yi ihu?"

"Bai yi ba."

"To me ya yi maka?"

Ya daɗe yana haki kafin ya fara. Ya ce Karaye ya je da gangan, don babu wanda ya san shi a can, ya kuma rufe fuska. Ya ce tun da suka bar tasha Yaya yake jan sa da hira, daga ina, ɗan gidan wa, ya damina ta yi muku. Shi kuma yana ba shi amsa guntu-guntu, yana yi masa ƙarya. Ya ce da Yaya ya miƙo makullin sai ya tsaya yana kallonsa, ya ce masa, ashe kai ne, kai ba ɗan gidan masu rini ba ne? Muryar mahaifinka ce da kai sak. Innata 'yar garinku ce.

"Ya ce in tafi da babur ɗin, ba zai gaya wa kowa ba, mu 'yan uwa ne. Ya ce in gaida mutanen gida. Ya juya ya fara tafiya." Sannan ya ce, "Wallahi babur kawai na je ɗauka. Da bai san ni ba da na ƙyale shi."

Wata akuya tana kuka a waje. Na dubi Inna. Fuskarta ba ta motsa ba.

"Ya ce ka gaida mutanen gida?"

"Ya ce."

"Ka gaishe su?"

Ya juyar da fuska bango.

Baffan ya matso da gwiwa yana roƙo, yana cewa ta dubi Allah, ta dubi zumunci, yaron ba zai kai ko'ina ba. Inna ta dafa bango ta miƙe. Ta ce nata ta yafe, don ba ta son a tsayar da ita da shi a can, ta gaji. Ta ce na ɗanta kuwa ba nata ba ne, ba ta da ikon ba da shi, su biyu za su haɗu. Baffan ya juyo gare ni yana jira. Ban ce na yafe ba, kuma har yau ban ce ba. Daga baya muka ji mutumin bai ƙara sati ba.

Da muka fito, matan gidan sun taru a tsakar gida, wasu tsofaffi suna kiranta da sunan ƙuruciya, suna cewa ta tsaya ta sha ruwa. Ta ratsa su ta wuce. Mutanen da ta gaisa da su a bakin rijiya suna nan inda muka bar su, suka ɗaga mata hannu, ba ta dube su ba. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Inna ta wuce mutum ba ta yi magana ba. Na so in ce mata wani abu, in ce ba laifinta ba ne, amma ba ta ce laifinta ba ne, to ta ina zan fara? Na tayar da babur ta hau.

Mun ɗan wuce Rogo na ga mai ya yi ƙasa, na tsaya wurin wani mai sayar da fetur a kwalabe a gindin darbejiya. Matashi ne, yana zuba man yana yi mana sannu da rana. Na ga kamar na san goshin nan da wushiryar nan. Ni da ban taɓa damuwa da sanin gidan kowa ba, ban san abin da ya taɓa ni ranar ba, wataƙila Yaya ne yake raina. Na ce masa, "Kai kuwa kamar na san ka. Ba ɗan gidan..."

Sai na ji farcen Inna a haƙarƙarina, ta cikin riga, da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Ba ka san shi ba," in ji ta. "Ja mu tafi."